Tsoro Iri Uku a Jiki Ɗaya: Nazarin Lamarin Wata Malama Mai Farfaɗiya

Ranar da ta fara zuwa wurina, ƙanwarta ce ta riƙo hannunta har cikin ɗakin duba marasa lafiya, alhali ƙafafunta lafiyarsu ƙalau. Shekararta 28, malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare, sai dai wata goma sha huɗu ke nan rabonta da aji. Na sakaya sunanta, na kuma sauya wasu bayanai don kada a gane ta. Akwai kujera biyu a gaban teburina, ta ja ɗaya ta jingina da bango kafin ta zauna, ta ɗan ƙura wa kusurwar teburin ido. Sai daga baya ta gaya mini cewa duk ɗakin da ta shiga abin da take fara yi ke nan: ta auna inda kanta zai bugu idan ta faɗi.

Takardar da aka turo ta da ita gajera ce. Farfaɗiya mai taurin kai, tana tashi sau uku zuwa huɗu a mako duk da magani iri biyu, a duba yiwuwar ƙara magani.

Tana shekara 24 aka gano ciwon. Cikin barci ya fara. Ƙanwar ta farka da jin wata ƙara, ta tarar da ita ta sandare, sannan jijjiga ta biyo, gari ya waye ta ciji gefen harshenta. Bayan wata uku abin ya sake faruwa. Bisa ma'anar da Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta sabunta a 2014, tashi biyu da babu abin da ya tunzura su, tsakaninsu ya haura awa 24, sun isa a ce mutum yana da farfaɗiya. Aka ɗora ta a kan maganin karbamazafin, ta yi shekara biyu da rabi ba ta sake faɗuwa ba. Tana koyarwa, tana fita, tana harkokinta.

Sai aka zo lokacin gyaran takardun jarrabawa. Kwana uku ba ta yi barcin kirki ba, ta kuma tsallake magani sau biyu. A rana ta huɗu tana tsaye gaban allo ciwon ya kayar da ita, gaban ɗalibai sama da arba'in, har fitsari ya kuɓuce mata. Ba ta tuna faɗuwar. Abin da take tunawa shi ne farfaɗowa ta ga fuskoki sun yi mata rumfa, wata yarinya tana kuka, wani yaro kuma ya ɗaga waya. Likitan da ya duba ta a lokacin ya ƙara mata lebetirasetam a kan na farko. Daga ranar har zuwa zuwanta wurina babbar farfaɗiyar, wato mai kayarwa da jijjiga, ba ta dawo ba ko sau ɗaya. Ita ma ba ta koma aji ba ko sau ɗaya.

Kuskuren da na yi

Na tambaye ta sau nawa ciwon yake tashi, ta ce uku ko huɗu a mako. Na tambayi ko tana shan magani a kan lokaci, ta ce ba ta taɓa ƙara tsallakewa ba. Na duba jikinta, ban ga komai ba. Na ninka lebetirasetam daga miligiram 500 sau biyu a rana zuwa 1,000 sau biyu, na ce su dawo bayan mako shida. Duka-duka ganawar ba ta wuce kwata na awa ba, kuma na fita daga ita ina ganin na yi aikina.

Da suka dawo, lissafin ya hau zuwa biyar ko shida a mako. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ƙanwar ce ta fara magana: "Likita, Yaya ta zama wata iri. Abu kaɗan sai ta hau mutum da faɗa, daga nan kuma sai kuka. Wallahi ba halinta ba ne."

An san lebetirasetam da wannan. Magani ne mai kyau ga farfaɗiya, ba ya rikici da sauran magunguna, amma yakan jawo wa wasu saurin fushi, rashin natsuwa da fargaba, kuma wanda dama yake da matsalar fargaba ko damuwa ya fi shiga wannan haɗari. Na san haka sarai. Abin da ban yi ba shi ne tambayar ko ita tana cikin irin waɗannan mutane. Na ajiye biro na ce, "Malama, mu bar lissafin sau nawa. Ɗauki na ƙarshe da ya same ki, ki ba ni labarinsa daga farko har ƙarshe."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Wanne daga ciki, Likita? Gajeren ko dogon?"

Wata goma sha biyar da rabi, likitoci aƙalla uku har da ni, babu wanda ya san iri biyu ne, don dukanmu adadi muke tambaya, ita kuma tana haɗa su ta ba mu jimla.

Gajeren da dogon

Na roƙe ta ta riƙa rubutawa har mako huɗu: ƙarfe nawa abin ya zo, tana ina, ya ɗauki tsawon wane lokaci, me ta tuna bayan ya wuce. Ƙanwar kuma ta riƙa duba agogo, in da hali ta ɗauki bidiyo da waya. Da yake malamar lissafi ce, littafin ya dawo mini da layuka a jere tsaf kamar rajistar aji. Abin ya zo sau 22. Uku gajeru ne, goma sha tara dogaye.

Gajeren ba ya wuce sakan talatin zuwa arba'in. Yakan fara da wani abu da ke tasowa daga cikinta zuwa maƙogwaro, sai tsoro ya rufe ta lokaci guda, tsoron da ba na komai ba, babu tunanin da ya gabace shi. Tare da shi takan ji kamar ta taɓa rayuwa a wannan lokacin sak. A bidiyo biyu da aka samu, ana ganin ta ƙura ido, tana tsotsar leɓe kamar mai tauna wani abu, hannunta na dama yana ta murza gefen rigarta. Ƙanwar ta kira ta sau biyu ba ta amsa ba. Bayan ya wuce takan yi 'yan mintoci a rikice, kuma ba ta tuna an kira ta. Kullum iri ɗaya yake zuwa, bai damu da inda take ba. Ɗaya daga cikin ukun ma daga barci ya tashe ta.

Dogon kuwa yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe. Gabanta ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya riƙa yi mata wuya, yatsu da leɓe su yi tsam, gumi ya karyo, jiri ya ɗebe ta. Cikin minti biyar zuwa goma ya kai ƙololuwa, ya ɗauki kwata ko sulusin awa kafin ya lafa. Tana jin duk abin da ake faɗa, tana amsawa, tana tuna komai. Kuma yana da wuraren da yake jira: bakin ƙofar gida idan za ta fita, kan matakala, cikin mota idan ta cika, lokacin da ƙanwar ta ce za ta ɗan fita ta dawo. Tunani ɗaya ne yake tare da shi ko da yaushe: ga ta nan, yanzu zan faɗi.

Gajeren farfaɗiya ce. Dogon firgici ne, irin wanda likitocin ƙwaƙwalwa suka sani a wurin mutanen da ba su taɓa yin farfaɗiya ba. Wato a cikin abubuwa 22 da muke ta ƙara magani a kansu, 19 ba su da alaƙa da maganin farfaɗiya, kuma ƙarin da na yi ma iza musu wuta ya yi.

Cewa farfaɗiya tana iya zuwa a siffar tsoro tsagwaronsa ba sabon ilimi ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan nan na Ingila, John Hughlings Jackson, ya bayyana irin wannan tashi mai kama da mafarki da ke fitowa daga sashen ƙwaƙwalwa na gefen kai, saitin kunne. A can ciki akwai wani ɗan curi mai suna amigdala, wanda aikinsa shi ne kaɗa ƙararrawa idan haɗari ya tunkaro. A 1982 Pierre Gloor da abokan aikinsa a Montiriyal ta Kanada suka wallafa abin da suka gani a wurin masu farfaɗiya da aka sanya wa siraran wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa don shirin tiyata: idan aka ɗan taɓa wannan yanki da lantarki, mutum yakan ji tsoro nan take, ko ya ji kamar ya taɓa ganin abin da ke gabansa. Farfaɗiyar da ta tashi daga nan, ƙararrawar ce ke kaɗa kanta ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Awon lantarkin ƙwaƙwalwa da aka yi mata sau biyu a baya bai nuna komai ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, don awo ne na kusan rabin awa, daga saman fatar kai, alhali matsalar tana can ƙasa. Da muka maimaita bayan an rage mata barci, sai ga alamun a gefen dama. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tabo a hipokampus na dama, maƙwabcin amigdala. Mahaifiyarta ta tuna cewa kafin ta cika shekara biyu zazzaɓi ya taɓa sa ta jijjiga mai tsawo, abin da aka daɗe da sanin yana da dangantaka da irin wannan tabo.

Da na yi mata wannan bayani, sai ta ce ai gajeren tun tana shekara 13 take jin sa. A gida "faɗuwar gabanta" ake ce masa, ana yi mata tsiya cewa matsoraciya ce. Ashe farfaɗiyar ta girmi ranar da aka gano ta da shekara goma sha ɗaya, kuma shekara biyu da rabin da muke cewa ta samu lafiya, babbar ce kawai ta kwanta.

Yadda ɗaya ya haifi ɗaya

A nan ne lamarin ya fi jan hankalina. Ranar da ta faɗi a aji, da gajeren abin ya fara: tasowar nan daga ciki, tsoro, sai duhu. Jikinta ya ɗauki darasi guda daga wannan rana, cewa tsoro shi ne ɗan aiken faɗuwa. Kuma darasin ba ƙarya ba ne ɗungurungum, shi ya sa ya kama ta da ƙarfi. Daga nan duk wata faɗuwar gaba, ko ta hawan matakala ce, ko ta ƙarar ƙofa, sai ta fassara ta da cewa ciwon ne ke zuwa. Fassarar ta ƙara bugun zuciya, bugun zuciyar ya tabbatar mata da fassarar, numfashi ya yi sauri, saurin numfashin ya kawo jiri da tsamin yatsu, waɗannan kuma suka zama sabuwar shaida. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to ita tsumman a cikin ƙirjinta yake, ba ta da inda za ta guje masa.

Akwai kuma na uku, wanda bai shiga littafin ba don ba shi da farko ba shi da ƙarshe: zullumi na kullum. Idan ta kwanta, tunanin ko za ta tashi. Idan ta ga yaro da kayan makaranta, tunanin bidiyon da ba ta ma tabbatar an ɗauka ba. Wuyanta da kafaɗunta a ɗaure, barci ba ya zuwa sai bayan ƙarfe biyu. Rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya ta gaske, don haka zullumin da take yi don gudun ciwon shi ne yake buɗe masa ƙofa. Littafin ya kuma nuna cewa kashegarin kowane gajeren tashi dogayen sun fi yawa. Wannan ma sananne ne: a wani bincike da Andres Kanner ya jagoranta a Amurka, aka wallafa a 2004, mutum 45 cikin 100 masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani sun ce sukan ji alamun fargaba a awannin da ke bin tashin ciwon.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya sun kai kimanin miliyan 50, kuma wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar daga cikinsu yana da larurar fargaba da ta kai a kira ta ciwo. Wani binciken kuma da aka yi da bayanan marasa lafiya na Birtaniya, aka wallafa a 2012, ya nuna fargaba da damuwa sun fi yawa a wurin waɗannan mutane tun shekaru kafin a gano farfaɗiyar, ba bayanta kawai ba. Wannan yana nuna cewa ba jin labarin ciwon ne kaɗai yake kawo fargabar ba, akwai saiwar da suka haɗa a cikin ƙwaƙwalwa. Ɓangaren kunya kuwa tsoho ne ƙwarai. A rubutun da ake jingina wa Hifokiratis, tsohon likitan Girka, kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, an bayyana yadda waɗanda suka saba da ciwon, da sun ji alamarsa, sukan guje wa mutane su nufi gida, ko wani wuri da babu kowa, su rufe kansu. Na karanta mata wannan, ta yi dariya karo na farko a gabana, ta ce ashe tana da 'yan'uwa tun da can.

Na ba ta takardar auna fargaba mai suna GAD-7, tambayoyi bakwai a kan mako biyun da suka wuce, makin daga sifiri zuwa 21. Ana cika ta cikin minti biyu. Ga sauran jama'a daga maki 10 ake fara damuwa, ga masu farfaɗiya kuwa binciken da aka yi a Koriya ta Kudu da Faransa ya nuna ya kamata a fara lura tun daga ƙasa da haka. Ita 17 ta samu. Har yau ina jin nauyin cewa takardar tana cikin aljihun teburina ranar da na ninka mata magani.

Na kuma tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta. Wasu likitoci suna jin nauyin wannan tambaya, amma ba a tsallake ta a nan: wani babban bincike na ƙasar Denmak a 2007 ya gano haɗarin ya ninka kusan sau uku a wurin masu farfaɗiya. Ta ce ba ta taɓa shirya komai ba, sai dai akwai daren da takan ji da ma kada gari ya waye da ita. Muka yi maganar a fili, da izininta ƙanwar ma ta sani, muka tsayar da wanda za ta kira idan tunanin ya yi ƙarfi.

Gwajin jini, na maƙoƙo da na zuciya duk sun fito lafiya. Amma a wannan zama ne wani abu ya fito: wata takwas ke nan tana shan diyazafam kusan kowane dare, wata 'yar'uwa ce take samo mata don ta yi barci. Irin wannan magani yana kwantar da hankali nan take, jiki kuma ya saba da shi da wuri. Ranar da ya yanke, fargabar takan dawo fiye da da, kuma ga mai farfaɗiya yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da babbar.

Magunguna

Ƙa'idar da na bi ita ce a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, don idan an canja uku tare ba a sanin wanda ya gyara ko ya ɓata. Muka fara sauke lebetirasetam a hankali, muna hawa da lamotirijin a madadinsa. Shi lamotirijin ba a yi masa gaggawa, don hawa da sauri yana ƙara haɗarin wani mummunan ƙurji da ke iya sale fata, saboda haka sauyin ya ci kusan wata uku. Balfurowet, wani maganin farfaɗiyar, ban kawo shi cikin lissafi ba, tunda mace ce a shekarun haihuwa kuma an san illarsa ga ɗan tayi. Tun kafin a gama sauke lebetirasetam faɗan da kukan suka ragu. Firgicin bai ragu sosai ba.

Da na kawo maganar sataralin, ɗaya daga cikin magungunan da ake ba masu fargaba da damuwa, sai ta ƙi. Ta karanta takardar cikin kwalin, ta ga an ce a yi hattara ga masu farfaɗiya. Wannan tsoro ba a wurin marasa lafiya kaɗai yake ba, likitoci da yawa ma suna da shi, kuma ya bar mutane da dama ba magani. A 2007 Kenneth Alper da abokan aikinsa sun duba bayanan gwaje-gwajen da aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka, mutum sama da 75,000, suka tarar cewa waɗanda aka ba yawancin sababbin magungunan damuwa ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki yawan jijjiga ba, ƙasa da su ma suke. Akwai waɗanda ake kauce wa da gaske, irin su bufurofiyon da kulomifiramin. Sataralin ba ya cikinsu. Mako biyu ta yi tana tunani kafin ta yarda.

Muka fara da miligiram 25, na kuma gargaɗe ta cewa a makon farko fargabar tana iya ɗan ƙaruwa, amfanin kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida. Da ban faɗa ba, da ta daina a kwana na uku, ita da kanta ta gaya mini haka. Da yake karbamazafin yana sa hanta ta yi saurin narkar da magunguna da dama, sai da muka kai miligiram 100. Su biyun kuma kowanne yana iya rage gishirin sodiyam a jini, don haka muka riƙa aunawa. Diyazafam shi muka bari ƙarshe, muka sauke shi kaɗan-kaɗan cikin mako goma.

Abin da ƙwaya ba ta yi ba

Babban aikin a ɗakin wata abokiyar aikina aka yi shi, masaniyar halayyar ɗan'adam, a zama goma sha huɗu na irin jinyar da ake gyara tunani da ɗabi'a tare. Ita ta nuna mini inda wannan lamari ya bambanta da na sauran masu firgici. Mai firgici da ba shi da farfaɗiya, ana iya ce masa abin da kake tsoro ba zai faru ba, zuciyarka ba za ta tsaya ba, kuma gaskiya aka faɗa masa. Wannan malama ba za a ce mata ba za ki sake faɗuwa ba. Tana iya faɗuwa. Duk wanda ya ce mata akasin haka ta san lallashi ne, daga nan kuma ba za ta ƙara yarda da maganarsa ba. Haka kuma wata dabara da ake yi wa masu firgici, a sa su yi numfashi da sauri da gangan don su saba da jirin, ita ce dabarar da mu muke amfani da ita a ɗakin awon ƙwaƙwalwa don tsokano wasu nau'o'in farfaɗiya. Wannan aka ajiye ta gefe.

Sai aka bi ta lissafi, harshen da take ji. Aka ce ta rubuta duk abin da ta daina yi. Ta rubuta abu 31. Aka raba su gida biyu. Gida na farko haɗari ne na gaske ga wanda hankalinsa ke iya gushewa ko da na sakan arba'in ne: tuƙa mota, iyo ita kaɗai, shiga kwamin wanka cike da ruwa, hawa wuri mai tsayi da babu kariya, tsayawa kan buɗaɗɗiyar wuta babu kowa kusa. Biyar ke nan, kuma an bar mata su yadda suke. Sauran 26 tsoro ne ya kafa su: zama ita kaɗai a ɗaki, rufe ƙofar banɗaki, zuwa biki, ɗaukar jaririn maƙwabta tana zaune, fita siyayya, har da yin dariya sosai, don ta lura dariya tana sa zuciyarta bugawa. Aka jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ta riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne ta tsaya a ƙofar gida minti goma ita kaɗai. Firgicin ya zo, ta tsaya, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa.

Ta kuma koyi amfani da agogo. Idan gabanta ya faɗi, ta dubi lokaci, ta fara ƙirga baya daga ɗari da bakwai-bakwai. Idan an yi minti biyu tana nan tana ƙirga daidai, to dogon ne, ba abin da zai yi mata illa wahala. Wannan ƙaramar dabara ta fi duk bayanin da na yi mata a kan amigdala amfani.

Tambayar da ta fi wuya ita ce: to idan kika faɗi fa, sai me? Abokiyar aikina ta sa ta bi abin daki-daki har ƙarshe, wanda ba ta taɓa yi ba, don tunaninta kullum a kan faɗuwar yake tsayawa. Daga nan suka rubuta ɗan kati da take sa wa a jaka: a duba agogo, a kawar da abin da zai ji mata rauni, a tallafi kanta, kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki, idan jijjigar ta tsaya a juya ta gefe, idan ta wuce minti biyar a nemi agajin gaggawa.

Zama biyu aka yi da 'yan gidan. Ƙanwar ta bar nata karatun na shekara guda don ta zauna da ita, tana kwana a ɗakinta, tana tsayawa bakin banɗaki. Ƙauna ce tsantsa, amma kowane riƙon hannu yana ƙara gaya wa malamar cewa ba za ta iya ita kaɗai ba. Da aka ce ta fara ja da baya, ta fi yayar tata shiga damuwa. Ta ce, "Likita, in wani abu ya samu Yaya ba na nan, ba zan yafe wa kaina ba." Ita ma da aka ba ta takardar tambayoyi bakwai ɗin, maki 11 ta samu.

Inda aka kwana

A wata na biyar makinta ya sauko zuwa 8, dogayen sun koma biyu ko uku a wata. Ta fara koyar da yara uku a gida. A wata na bakwai, bayan zazzaɓi da amai sun hana maganin zama a cikinta, babbar ta kayar da ita a tashar mota, gaban mutane. Wata mata ta ga katin, ta bi abin da aka rubuta. Na ɗauka an koma gidan jiya. Kwana goma sha biyu ta yi ba ta fita ba, sannan ta ɗauko jerin nan nata ta sake farawa daga ƙofar gida, ba tare da kowa ya ce ta yi ba, kuma abin da ya ci mata wata uku a karon farko ta gama shi cikin mako biyu.

A wata na goma ta koma koyarwa, a wata makarantar daban, kwana uku a mako. Ta zaɓi ta gaya wa shugabar makarantar da malamai biyu. Ɗalibai ba ta gaya musu ba tukuna, kuma ban ga dalilin matsa mata ba. Makinta na ƙarshe 6 ne. Tana nan a kan sataralin, mun yi shawarar kada a taɓa shi sai ta yi aƙalla shekara guda a haka.

Gajeren bai tafi ba. Yana zuwa sau ɗaya, wani watan sau biyu. Bisa ma'anar da ƙungiyar nan ta duniya ta fitar a 2010, idan magani biyu da suka dace, aka sha su yadda ya kamata, suka kasa tsayar da ciwon, to farfaɗiyar ta shiga sahun masu ƙin magani, kuma ga mai tabo a hipokampus gefe ɗaya sai a fara maganar tiyata. A gwajin da Samuel Wiebe ya jagoranta a Kanada, aka wallafa a 2001, kashi 58 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyatar sun cika shekara ba tare da tashin da ke gusar da hankali ba, a ɓangaren masu magani kaɗai kuwa kashi 8. Na gaya mata wannan, na kuma gaya mata cewa tiyatar tana iya taɓa ƙarfin tuna abubuwa, kuma a watannin farko bayanta fargaba da damuwa sukan tsananta ga wasu, musamman waɗanda dama suke da su. Ta rubuta alƙaluman a bayan littafinta, ta tambayi gwaje-gwaje nawa za a yi kafin a san ko ta dace, da kwana nawa za ta yi a kwance. Ta ce a bari sai an gama jarrabawar ƙarshen zango, za ta dawo da amsa. Ranar ita kaɗai ta zo.